Albashin malami, rasit ɗin mai shago da tallafin tsohuwa: ina sabuwar dokar haraji ta tsaya?

"Ni malamin sakandare ne, albashina naira 120,000 a wata, kuma ana cire haraji tun kafin kuɗin ya shigo hannuna. Ƙanena yana da ɗan shagon kayan masarufi, kusan kullum sai wani ya zo masa da rasit. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, ba ta taɓa ganin ko sisin kwabo daga tallafin da ake ta faɗa a rediyo ba. Yanzu ana cewa sabuwar dokar haraji ta zo da adalci. Da gaske ne? Idan kuma da sauran gyara, me ya kamata a gyara?"

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma mutum uku ne a cikinta, kuma mu'amalar kowannensu da hukuma daban take. Kai ana cire maka da lissafi, ƙanenka ana karɓa a hannunsa ba tare da an duba abin da ya samu ba, ita kuma Hajiya ya kamata a ce ana miƙa mata wani abu amma ba a yi. Na shafe shekaru ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin ciniki, ina kuma taya ma'aikata duba takardar albashinsu, kuma abin da na gani shi ne sabuwar dokar ta taɓa lamarinka sosai, ta taɓa na ƙanenka kaɗan, na Hajiya kuwa ba hurumin dokar haraji ba ne tun asali. Bari mu fara da kai, tunda naka ne ya fi sauƙin lissafi.

Abin da ya sauya a takardar albashinka

Dokokin da ake magana a kansu guda huɗu ne, Shugaba Bola Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026. Sun samo asali ne daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta tun 2023. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne matakan harajin kuɗin shiga. Naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata komai. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, miliyan 9 da ke bayanta kashi 18, haka abin yake hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen nan na bai-ɗaya da kowane ma'aikaci yake samu, aka kawo rangwamen haya a madadinsa, wato a cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da kake biya a shekara daga abin da za a lissafa wa haraji, muddin bai wuce naira 500,000 ba.

Mu ɗora wannan a kan albashinka. A shekara kana samun naira 1,440,000. Don sauƙin lissafi zan ɗauka ana cire kashi 8 cikin 100 na fansho daga dukkan albashin, wato 115,200, kuma kana biyan haya 200,000, wanda zai ba ka rangwamen 40,000. Abin da ya rage 1,284,800 ne. A ware 800,000 da ba ta da haraji, saura 484,800, kashi 15 ɗinta shi ne 72,720 a shekara, kimanin naira 6,000 a wata. A tsohon tsari wannan albashin zai biya kusan 93,000. Ka ga ke nan an rage maka wajen naira 20,000 a shekara. Sauƙi ne na gaskiya, ba zan raina shi ba, kuma mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, da zarar an cire masa fansho ya faɗo ƙasa da iyakar 800,000, ba ya cikin masu biya. Amma kai ka san abin da naira 1,700 a wata take saya a yau.

Akwai kuma abin da dokar ba ta tambaye ka ba, wato mutum nawa suke ci daga wannan albashin. Saurayin da yake zaune shi kaɗai da magidancin da yake ciyar da mutum goma harajinsu ɗaya idan albashinsu ɗaya. Wanda yake zaune a gidan gado, yana gyara katanga da rufi duk damina, bai samu rangwamen komai ba saboda ba ya biyan haya, alhali a garuruwanmu na Arewa irin wannan zaman ya yi yawa ƙwarai. Tsohuwar doka ta taɓa ba da rangwamen naira 2,500 ga kowane ɗa har 'ya'ya huɗu, adadin da tsadar rayuwa ta mayar da shi ba komai ba. A ganina ya dace a dawo da rangwamen iyali mai ma'ana, a ƙayyade yawan mutanen da za a lissafa don kada a yi maguɗi, a kuma sa iyaye tsofaffi a ciki, tunda a ƙasar da babu fanshon tsufa ga yawancin mutane 'ya'ya su ne fanshon.

Darasin da ke cikin nisabi

Gyaran da na fi damuwa da shi ba ya jan hankalin mutane, saboda illarsa ba ta bayyana a shekarar farko. Adadin nan na naira 800,000 a rubuce yake cikin doka, ba ya motsi, farashin masara da kuɗin mota kuwa suna motsi. Ka ƙaddara baɗi kaya sun tashi da kashi 20 cikin 100, aka ƙara maka albashi da kashi 20 ya zama 144,000, mai gida ma ya ƙara haya da kashi 20. A zahiri ba ka ƙaru da komai ba, abin da kake iya saya bana shi za ka iya saya baɗi. Amma idan muka sake lissafin da muka yi ɗazu, harajinka zai tashi daga 72,720 zuwa 111,264. Albashi ya ƙaru da kashi 20, haraji ya ƙaru da fiye da kashi 50, kuma babu ɗan majalisa ko ɗaya da ya ɗaga hannu ya amince da wannan ƙarin.

Wannan ba hasashe ba ne, mun riga mun gani. Matakan tsohuwar doka an tsara su a 2011, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000, dala kuma tana wajen naira 150 zuwa 160. A lokacin, wanda abin da ake lissafa masa ya haura miliyan 3.2 shi ne yake shiga mataki mafi girma na kashi 24, kuma lallai mai hali ne. Aka bar matakan nan yadda suke shekara 14, mafi ƙarancin albashi ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, dala ta haura naira 1,500, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Sai ga matsakaicin ma'aikaci yana biyan harajin da aka yanka wa attajiri.

Mu da muka taso a tsarin zakka bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Nisabin zakkar kuɗi ba a ƙayyade shi da adadin takardar kuɗi ba, an ɗaure shi ne da zinariya, miskali 20, kimanin giram 85. Shi ya sa duk shekara malamai da hukumomin zakka suke sanar da sabon nisabi a naira, kuma idan naira ta faɗi nisabin yana tashi da kansa, talaka ba ya wayar gari ya ga ya zama mai fitar da zakka don kawai kuɗi sun rage daraja. Haka nan a amfanin gona, wanda ruwan sama ya shayar masa yana fitar da ɗaya bisa goma, wanda ya sha wahalar ban-ruwa yana fitar da rabin haka, wato an duba ɗawainiyar da mutum ya yi kafin a yanka masa. Ba ina cewa haraji zakka ba ne, kowanne da hukuncinsa da masu cin moriyarsa. Abin da nake cewa shi ne hikimar da ke cikin nisabi ta wadatar a matsayin misali: a rubuta cikin doka cewa kowace shekara iyakar 800,000 da sauran matakan za su tashi daidai da alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko a ɗaure iyakar da mafi ƙarancin albashi. Gwamnati ba za ta so wannan ba, domin ƙarin da take samu a ɓoye zai tsaya, duk lokacin da take son ƙari sai ta fito fili ta nema a gaban majalisa. Wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa nake goyon bayansa.

Rasit ɗin ƙanenka

Dattawa suna tuna harajin kai da jangali. Abin da ya sa mutane suka tsane su, har Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka mayar da yaƙi da su ginshiƙin siyasarsu, shi ne ba sa tambayar me ka samu. Baligi ne kai, ka biya, ko gona ta yi kyau ko fari ya cinye. Saniya ce, a ƙirga, ko ta yi nono ko ta rame. Gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke su bayan sun hau mulki a 1979, kuma har yau ana yaba musu. Abin da ƙanenka yake fama da shi jikokin wannan harajin ne da suka dawo da sababbin sunaye: kuɗin shago, kuɗin allon talla, kuɗin shara, kuɗin lodi da sauke kaya, kuɗin kasuwa. Kowanne adadi ne tsayayye, mai cinikin dubu 10 a rana da mai cinikin miliyan suna biyan kusan abu ɗaya. Har cajin naira 50 da ake cira idan an tura kuɗi naira 10,000 zuwa sama ta banki irinsu ne, domin ga wanda ya tura dubu 10 rabin kashi ɗaya cikin 100 ne, ga wanda ya tura miliyan 10 kuwa ko ji ba zai yi ba.

Na taɓa zama da wani mai shago irin na ƙanenka, muka tattara duk rasit ɗin da ya ajiye a cikin gwangwani na tsawon shekara, muka jera su a kan tabarma. Da muka haɗa jimilla muka auna da ribarsa, sai ya bayyana cewa kason da yake biya ya fi na ma'aikacin da yake samun ninkin abin da yake samu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wasu takardun ba su da lamba, wasu kuma abu ɗaya ne aka karɓa sau biyu da suna daban. Shi kansa bai taɓa ɗaukar kansa a matsayin mai biyan haraji ba, yana ganin sallamar masu zuwa kawai yake yi don a bar shi ya yi ciniki.

Dalilin da ya sa dokar tarayya ba ta isa nan ba shi ne yawancin waɗannan kuɗaɗe a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, shaguna da allunan talla. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma duk direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum ko hatsi daga Dawanau ya nufi Kudu zai ba ka labarin shingayen da ya wuce, kuma kuɗin da ya biya a can yana komawa kan mai sayen nama da tuwo. Matsalar ta ƙara tsanani inda ake ba 'yan kwangila karɓar kuɗin, a yanka musu adadin da za su kawo, abin da ya haura nasu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai shago ya biya, hukuma ta sha zagi, kaso mai tsoka ya tsaya a tsakani.

Gyaran da nake ba da shawara a nan ba sabon abu ba ne, jiha ce kawai take buƙatar ƙarfin halin yin sa. A haɗe duk waɗannan kuɗaɗe su zama biya ɗaya a shekara, a raba 'yan kasuwa aji-aji gwargwadon girman shago da nau'in sana'a, mai tebur da mai talla da wanda jarinsa bai kai wani adadi ba a yafe musu gaba ɗaya. A biya ta banki ko ta waya, jiha da ƙaramar hukuma su raba a tsakaninsu ba tare da sun aiko wa mai shago mutum biyu ba. A ba shi damar biya kashi-kashi, domin ciniki yana da lokaci, watan azumi da bayan girbi ba ɗaya suke da tsakiyar damina ba. Sannan a liƙa a ƙofar kasuwa nawa aka tara da abin da aka yi da shi, a ware wani kaso da doka ta wajabta a kashe a cikin kasuwar, a magudanar ruwa da banɗaki da kayan kashe gobara. Wanda ya ga yadda wuta ta sha cin kasuwannin Kano, irin ta Sabon Gari a 2016, ya san dalilin da ya sa ɗan kasuwa yake tambayar ina kuɗinsa suka tafi. Sababbin dokokin sun kafa ofishin karɓar koken masu biyan haraji, abu ne mai kyau, amma amfaninsa ga irin ƙanenka ya dogara ga a kawo shi kusa, a kuma saurare shi da Hausa.

Akwai wata magana da ba a son faɗa, amma adalci ba ya cika sai da ita. Idan aka sauke wa ƙananan nauyi, dole wani ya ɗauka. A kasuwanninmu akwai manyan 'yan kasuwa da suke juya ɗaruruwan miliyoyi, suna da rumbuna da gidajen haya da filaye, amma saboda ba su da takardar albashi abin da suke biya na kuɗin shiga bai kai na shugaban makarantarku ba. Ba a kama irin wannan da shinge ko da rufe shago. Ana kama shi ne da rajistar filaye da gidaje, da bayanan shigo da kaya, da harajin kadara mai sauƙi wanda ya yafe gidan da mutum yake zaune a ciki idan ƙarami ne. Gida ba ya gudu, ba a kuma ɓoye shi a aljihu. Rigimar da gwamnonin Arewa suka yi a ƙarshen 2024 kan rabon harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, tana da muhimmanci, kuma an ƙare da barin sa a kashi 7.5 tare da cire shi daga kayan abinci na yau da kullum, magani da karatu, amma rigima ce kan yadda gwamnatoci za su raba a junansu. Wannan ta cikin gida ita ce ta fi shafar gidanku.

Hajiya

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hajiya ta yi shekaru tana biyan haraji ba tare da ta sani ba, a cikin farashin sabulu da atamfa da kuɗin mota, don haka idan an ba ta wani abu a tsufanta ba alfarma aka yi mata ba. Tsarin da muke da shi yana ƙoƙarin zaƙulo mafi talauci ta hanyar rajistar masu ƙaramin ƙarfi. A zamanin Shugaba Buhari ana ba gida naira 5,000 a wata, a Oktoban 2023 kuma aka sanar da naira 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, sannan aka dakatar da shirin a farkon 2024 saboda zargin almundahana kafin a ci gaba da shi. Inda talauci ya game gari, zaɓen gida ɗaya a bar na kusa da shi yana haifar da zargi da roƙo da neman uban gida, kuma tallafin wata uku ba abu ne da mutum zai gina rayuwa a kansa ba. Sharaɗin lambar NIN ko BVN yana rage sunayen bogi, amma waɗanda ya fi zubarwa su ne tsofaffin mata na karkara, wato ainihin waɗanda aka yi shirin dominsu.

Na fi gamsuwa da tallafin da sharaɗinsa a bayyane yake, wanda kowa zai iya gani da idonsa: duk wanda ya kai shekara 70 kuma ba ya karɓar fansho, a ba shi wani adadi duk wata, ko kaɗan ne, a rubuta shi cikin doka yadda sabon gwamna ba zai soke shi da baki ba, a kuma ɗaure shi da farashi kamar yadda na faɗa game da iyakar haraji. Ƙasashen da ba su fi mu arziki ba sun yi. Lesotho ta fara biyan 'yan shekara 70 a 2004, Zanzibar ta bi a 2016. A nan gida ma Jigawa ta fara ba masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata a zamanin Sule Lamido, Ekiti kuma ta fara ba tsofaffi naira 5,000 a 2011. Darasin waɗannan na gida shi ne adadin da ba ya tashi da farashi yana narkewa, shirin da ya dogara ga mutum ɗaya kuma yana iya raunana idan ya sauka.

Wannan shawarar tana da nata rauni, kuma gara in faɗa maka shi. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, dole a dogara da shaidar masu unguwa da dagatai, kuma a nan ma son kai yana iya shiga. Za a ba wasu da ba sa buƙata. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, jihar da za ta yi sai ta rage wani abu ko ta tara daga masu kadara kamar yadda na ambata. Duk da haka na fi yarda da kuskuren ba tsohuwar da take da 'ya'ya masu hali a kan kuskuren hana goma da ba su da kowa.

Lissafin da na yi maka na misali ne, adadinka na gaskiya ya dogara ga yadda aka rarraba albashinka da tsarin fanshon jiharku, don haka ka karɓi takardar albashinka ka auna da abin da na nuna, ka kuma kai shaidar biyan haya ofishin da ke biyan ku, domin rangwamen haya ba ya zuwa sai an nema. Ƙanenka ya fara ajiye kowane rasit, ya rubuta kwanan wata da sunan abin da aka karɓa, ya sayi littafi na cinikin yau da kullum ko da na 'yan makaranta ne. Idan mutum 50 a layinsu suka yi haka na shekara guda suka kai wa ƙungiyar kasuwarsu, za su je gaban ɗan majalisar jiha da hujja a hannu. Hajiya kuma a yi mata rajistar NIN tun yanzu idan ba ta da ita, a buɗe mata asusu da sunanta, sannan ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka tambayi jami'in da ke kula da rajistar masu ƙaramin ƙarfi ko an taɓa shiga unguwarku, da kuma lokacin da za a sake zagayowa.